Ƙanena yana so a sayar da fadamar gado ya tafi Faransa buga zari-ruga

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a ƙasar Argungu, noman shinkafa nake yi, kuma tun rasuwar mahaifinmu shekara 6 da suka wuce ni nake riƙe da gida. Autanmu yana da shekara 22, yana aji 3 a wata jami'a a Kano, ni nake biya masa kuɗin makaranta. Tun yana yaro gwanin kokawa ne, da wuya a kai bayansa ƙasa. A Kano ya haɗu da masu wani wasa da ake kira zari-ruga, wato rugby, ya shiga, har suna cewa ya yi fice. Yanzu wani mutum da suka haɗu a Facebook ya ce zai kai shi gwaji a wani kulob a Faransa, amma sai ya biya naira miliyan 4 na biza da tikiti da rajista kafin ƙarshen wata. Ya zo gida ya ce a raba gado, a sayar da rabonsa na fadama. Inna ta ga bidiyon wasan a wayarsa, ta ga yadda ƙarti ke danne mutum, ta ce in ya tafi ba da yawunta ba. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni na ce in ya bar karatu babu ni babu shi. Yau mako 3 ba ya ɗaukar wayata. Shin wannan wasa sana'a ce da mutum zai rayu da ita? Kuma ina da ikon hana shi rabonsa?

Wani ɗan'uwa daga Argungu

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da ka ɗauka. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne makonni ukun nan na shiru, domin yaron da ya daina sauraron yayansa, kuma yake ganin mahaifiyarsa ta juya masa baya, murya ɗaya ce ta rage a kunnensa, ita ce ta mutumin nan na Facebook, wanda kullum yake ce masa shi tauraro ne. Duk abin da zan faɗa maka ba zai yi amfani ba sai ka dawo cikin waɗanda yake saurare, kuma ba za ka dawo ba matuƙar yana jin cewa kana raina abin da yake so.

Saboda haka bari in amsa tambayarka ta farko yadda take: ƙwarai, zari-ruga sana'a ce. Tun watan Agustan 1995 hukumar da ke kula da wasan a duniya ta halasta biyan 'yan wasa albashi, kuma yau akwai mutanen da ba su da wani aiki sai shi a Faransa da Ingila da Afirka ta Kudu da Japan da Niyuzilan. Babbar gasar Faransa, wadda suke kira Top 14, tana cikin waɗanda suka fi kuɗi a duniya. Maro Itoje, wanda aka naɗa kyaftin ɗin Ingila a 2025, iyayensa 'yan Najeriya ne. Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya sau 4, a 1995 da 2007 da 2019 da 2023, kuma biyun ƙarshe baƙar fata ne ya ɗaga kofin, wato Siya Kolisi, wanda ya tashi cikin talauci a unguwar Zwide. Ƙanenka ya san waɗannan sunaye kamar yadda ka san farashin taki, don haka idan ka ce masa wasan shiririta ne, ya riga ya san ba ka bincika ba, kuma daga nan zai toshe kunnensa ga sauran maganarka, har da wadda take gaskiya.

Abin da ƙila bai tsaya ya duba ba shi ne ta wace ƙofa waɗannan mutane suka shiga. Kolisi yana ɗan shekara 12 wata makaranta mai suna Grey ta ba shi tallafin karatu saboda wasan, ya tashi a hannun masu horarwa. Itoje a Landan aka haife shi a 1994, kulob ɗin Saracens ya rene shi tun yana matashi, kuma lokacin da ya fara buga wa Ingila a 2016 shekarunsa 21, wato bai kai ƙanenka na yau ba. Yana wannan wasa kuma yana karatun digiri a fannin siyasa a jami'ar SOAS da ke Landan har ya kammala, kuma wannan batu ne da ya kamata ka ajiye a aljihu don ranar da za ku zauna. A Faransa kuwa akwai ƙa'idar da ta tilasta wa manyan kulob-kulob su riƙa sanya adadi mai yawa na 'yan wasan da aka horar a cikin ƙasar tun suna matasa, don haka 'yan guraben da suka rage wa baƙi sai a kan waɗanda suka riga suka yi suna ake kashe su, irin 'yan Fiji da Jojiya da Afirka ta Kudu da suka buga wa ƙasashensu. A ƙananan rukunai kuma, yawancin 'yan wasa suna da wani aikin da suke ci da shi, wasan na yamma ne da ƙarshen mako.

Don in yi wa yaron adalci, akwai waɗanda suka makara kuma suka isa. Makazole Mapimpi ɗan ƙauye ne daga lardin Gabashin Kef na Afirka ta Kudu, bai bi ta manyan makarantun nan ba, kuma sai da ya kai shekara 27 ya fara buga wa Afirka ta Kudu a 2018, shekara guda bayan haka ya ci maki a wasan ƙarshe na kofin duniya. Amma hawa-hawa ya bi, daga ƙaramar ƙungiyar yankinsu zuwa wadda ta fi ta, kowane mataki masu ido suna kallonsa a fili kafin su ɗauke shi. Hannunsa da ƙafarsa ne suka sayo masa tikiti.

Wannan ya kawo mu ga dillalin, kuma a nan ba zan yi maka kwana-kwana ba: duk alamomin da ka lissafa alamomin damfara ne. Kulob ɗin da yake son ɗan wasa da gaske shi yake rubuto takardar gayyata da sunansa da hatiminsa, kuma wakilin ɗan wasa na ƙwarai yana samun ladansa ne bayan an sa hannu a kwantiragi. Wanda ya nemi miliyoyi tun kafin a ga ɗan wasa a fili, ya haɗa kuɗin biza da na tikiti da wata rajista a dunƙule, sannan ya kafa wa'adin ƙarshen wata don kada a samu sukunin tambaya, ya bi sawun da masu yaudarar yaran ƙwallon ƙafa suka daɗe suna bi. Wasu daga cikinsu da kuɗin kawai suke ɓacewa, kuma wannan shi ne mai sauƙi. Wasu kan samo wa yaro bizar ziyara ta gaske, wadda a ƙasashen Turai irin Faransa ba ta wuce kwana 90 kuma ba ta ba mutum izinin aiki, su sauke shi a wani masauki, su kashe waya. Daga ranar da bizar ta ƙare ya zama ɗan ci-rani marar takarda, kunya ta hana shi dawowa gida hannu rabbana bayan an sayar da gona dominsa.

Sai dai kada ka je masa da wannan a matsayin hukuncin da ka riga ka yanke, domin zai kare mutumin kamar yadda yake kare burinsa. Ka bar shi ya gano da hannunsa. Ka ce masa kuna so ku tabbatar da abin tare, ya nemi dillalin ya turo sunan kulob ɗin da garin da yake, da sunan kocin da zai yi gwajin, da ranar da za a yi shi, da lambar lasisinsa na wakilcin 'yan wasa, domin a Faransa ba a yin wannan aiki sai da lasisi. Sannan shi ƙanen naka da kansa ya nemo adireshin kulob ɗin a shafinsu na intanet, ba wanda dillali ya ba shi ba, ya rubuta musu ya tambaya ko sun san da zuwansa. Ya kuma kai takardun ga kocinsa na Kano da hukumar zari-ruga ta Najeriya, wato NRFF, domin ɗan wasan da ke da rajista a wata ƙasa ba ya komawa wata sai da takardar sallama daga hukumar ƙasarsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Idan mutumin ya fara cewa ana ɓata masa lokaci, ko akwai wani yaro da ke jiran gurbin, to ramin ƙarya ƙurarre ne, ƙanenka zai ga ƙarshensa da idonsa ba tare da ka ce uffan ba. In kuwa ya riga ya tura wani abu a ɓoye, wanda ba zan yi mamaki ba, ka danne zuciyarka kada ka yi masa gori, ku adana rasit da saƙonnin, ku kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC, kuma hukumar NAPTIP tana sauraron batun masu fitar da matasa waje da alkawarin ƙarya.

Tsoron Inna kuma ba na jahilci ba ne, abin da ta gani a bidiyon haka yake. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, minti 80 ana gwabzawa, kuma babu wata kariya a jiki sai robar haƙori da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ɗan kokawa mai faɗin ƙirji irin ƙanenka, ina kyautata zaton a sahun gaba suka sa shi, inda mutum 8 suke rungumar juna su sunkuya, su haɗa kafaɗa da takwas na abokan hamayya, kowane ɓangare yana turawa da iya ƙarfinsa. A matakin ƙwararru nauyin mutum takwas ɗin yakan kai kilo 900, ka ƙaddara buhun shinkafa 18 mai kilo hamsin-hamsin, kuma ƙarfin turawar yana bi ne ta wuya da kafaɗun mutum ukun da ke gaba. A kokawarmu da zarar an kai mutum ƙasa an gama, makaɗa su ɗauka, kowa ya kaɗe jikinsa. A can kuwa a kayar da kai ka tashi, a sake kayar da kai, haka har a tashi wasa. A gasar kofin duniya ta 1995 wani ɗan wasan Kwaddibuwa mai suna Max Brito ya karye a wuya minti 3 da fara wasansu da Tonga, ya rayu a shanye har ya rasu a 2022. Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya fito a 2020 yana ɗan shekara 42 ya ce likitoci sun same shi da ciwon mantuwa, har ba ya tuna wasannin da ya buga a gasar. Irin raunin Brito ba kasafai yake faruwa ba, kuma an gyara dokoki da yawa tun daga lokacin, amma buguwar kai da tsinkewar jijiyar gwiwa da gocewar kafaɗa abokan tafiya ne a wannan sana'a. Ka tambayi ƙanenka ko akwai mai ba da agajin gaggawa a filin da suke atisaye, da abin da kocinsu yake yi idan yaro ya bugu a kai ya tashi yana layi. Idan amsar ita ce a zuba masa ruwa ya koma fili, to akwai gyara tun a nan gida, domin ƙa'idar wasan ita ce a fitar da shi nan take, kuma ya huta na kwanaki kafin ya dawo.

Ko wanda ya tsira da lafiyarsa, sana'ar gajera ce, kaɗan ne suke wuce shekara 35 suna bugawa, kuma kwantiragin shekara ɗaya ko biyu ake ba yawancinsu. A Ingila ma, tsakanin 2022 da 2023, manyan kulob 3 suka durƙushe saboda bashi, Worcester da Wasps da London Irish, 'yan wasansu suka wayi gari babu albashi. Digirin da ya rage masa shekara guda ya kammala shi ne abin da zai tsaya masa ranar da gwiwa ta ƙi.

Game da fadamar, zan faɗa maka abin da ƙila ba za ka so ji ba. Rabonsa haƙƙinsa ne, kuma kuɗin makarantar da ka biya, duk da girman ladansa, bai mayar da kai mai gonar ba. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce idan marayu suka balaga aka ga hankali a tare da su, a miƙa musu dukiyarsu. Mai shekara 22 da ke aji 3 a jami'a ba yaro ba ne, kuma idan ya kai maganar gaban alƙali zai yi wuya a hana a raba. Idan ka riƙe gonar da ƙarfi, zancen zai tashi daga zari-ruga ya koma cewa yaya ya danne gadon ƙane, kuma irin wannan tabo yakan bi zuri'a har jikoki. Abin da kake da shi shi ne nasiha da dabara. Ka kira kawunku ko baffanku da wani malami da yake jin nauyinsa, a auna fadamar, a nuna masa yawan rabonsa a rubuce, don ya tabbata ba wanda yake kwaɗayinsa. Bayan haka ka yi masa tayin da ya fi sayarwa: kai za ka ci gaba da noma rabon nasa damina da rani, a cire kuɗin taki da man injin ban ruwa da na ƙwadago, abin da ya rage na buhunan shanshera a sayar a sa masa a asusunsa, ya sayi takalmin wasa, ya ci abinci mai kyau, ya biya kuɗin mota zuwa duk inda ake gasa. Ta haka gonar ce za ta riƙa ɗaukar nauyin wasan kowace kaka, maimakon wasan ya haɗiye ta a wata ɗaya. Idan kuma duk da haka ya kafe sai an sayar, ka tambayi malamin hukuncin shufu'a, wato fifikon da abokin tarayya yake da shi wajen sayen rabon ɗan'uwansa a ƙasar da ba a raba ba, don ko ba komai fadamar mahaifinku ta tsaya a cikin gida. Amma ka roƙe shi alfarma ɗaya, kada a taɓa batun sayarwa sai amsar kulob ɗin ta zo.

Kada kuma ka tsaya a kan hani kaɗai, domin wanda aka rufe wa ƙofa ba a nuna masa wata ba, ta taga zai fita. Akwai hanyar da ba ta bukatar a sayar da ko taƙi ɗaya. Kano tana da kulob ɗin Barewa, Legas tana da irin su Cowrie, kuma daga irin waɗannan ƙungiyoyi, tare da 'yan Najeriya mazauna waje, ake zaɓen tawagar ƙasa da ake kira Black Stallions. Najeriya ba ta taɓa zuwa gasar kofin duniya ba, kuma wasan bai kai ya ciyar da mutum a nan gida ba, amma wanda ya sa rigar ƙasa ya buga a gasar Afirka yana da abin nunawa da ya fi duk wani yabo na Facebook, kuma hukumomin ba da bizar 'yan wasa irin wannan tarihi suke dubawa. Akwai kuma nau'in wasan na mutum bakwai-bakwai, wanda aka shigar gasar Olamfik tun 2016, kuma shi ya fi sauƙin shiryawa a ƙasashe irin namu, ko da yake gudu yake so fiye da ƙarfi, don haka kocinsa ne zai faɗa masa ko jikinsa ya dace. Ku yi yarjejeniya a gaban Inna da kawu: ya kammala digiri, ya yi hidimar ƙasa, yana wasa a duk tsawon lokacin da goyon bayanka, a riƙa ɗaukar cikakken bidiyon wasanninsa. Idan a cikin shekara 2 aka kira shi sansanin tawagar ƙasa, ko wani kulob ya rubuto da kansa, kai da kanka za ka raka shi filin jirgi. Da digiri a hannu ma yana iya neman karatun gaba a waje, ya shiga ƙasa da takarda mai kyau, ya buga wa jami'a ko ƙungiyar garin, masu ido su gan shi. Idan kuwa shekara biyun suka wuce ba a kira shi ba, ya samu amsarsa daga fili, ba daga bakinka ba, ga kuma gonarsa tana nan.

Ita Inna, kai ne za ka lallashe ta, domin kalmar da ta furta tana da nauyi a kan ɗa, kuma yaron da ya ji an riga an janye masa albarka yakan ga ba abin da ya rage masa da zai yi asara. Ka roƙe ta ta mayar da maganar addu'a, ta ce masa tana tsoro ne, kuma tana so ya gama karatu. Idan damuwarta ta haɗa da addininsa a can, wannan ma abin dubawa ne, don shan giya bayan wasa al'ada ce a kulob-kulob da yawa na Turai, amma an yi Musulmi a wasan da suka riƙe addininsu. Sonny Bill Williams na Niyuzilan, wanda ya ci kofin duniya a 2011 da 2015, ya taɓa rufe tambarin banki a rigarsa a 2017 saboda ƙin riba, kuma aka ƙyale shi.

Kai kuma, Malam, maganar babu ni babu kai ta fi ƙarfin laifin da ya yi, kuma janye ta ba zai rage maka girma ba. Tunda ba ya ɗaukar waya, kada ka ƙara aika masa saƙo ta bakin kowa. Ka samu rana ka shiga mota zuwa Kano, ka nemi wani abokinsa ya faɗa maka ranar da suke atisaye, ka je ka tsaya a bakin fili ka kalle shi har su tashi. Ka gaisa da kocin, ka tambaye shi a gaban yaron ina ƙarfinsa yake, ina kuma rauninsa, da ko ya taɓa jin sunan dillalin nan. Bayan haka ka ja ƙanenka ku je ku ci abinci, ka ce masa zuciya ce ta sa ka faɗi abin da ka faɗa, ka ce Inna tana gaishe shi, sannan ka nemi ya buɗe wayarsa ku rubuta wa kulob ɗin wasiƙar tare kafin ka kamo hanyar Argungu.